Idan Injin Ƙaramin Jirgi Ya Mutu a Sama

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Ina gaida mutanen Gumel da kewaye, ina gaida na Maigatari bakin iyaka, da na Gagarawa, da na Sule Tankarkar, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka da muryarmu ke isa gare su. Wanda ke gona, sannu da aiki. Wanda ke kan hanya, Allah Ya kai ka lafiya.

Yau sama za mu ɗaga kai. Akwai wata tambaya da yara kan yi in sun ji ƙugin ƙaramin jirgi ya ratsa ta saman gari, irin mai farfela ɗaya a goshi. Sukan ce, "Baba, in injinsa ya mutu fa?" Amsar da akasarinmu ke bayarwa ita ce, "Ai shi ke nan, sai ya faɗo kamar dutse." To, wannan amsa kuskure ce, kuma ita nake so mu gyara a yau. Jirgin da injinsa ya mutu bai daina zama jirgi ba. Fukafukansa suna nan, sitiyarinsa yana aiki, kuma matuƙin da ya san abin da yake yi yana da 'yan mintoci da 'yan kilomitoci a hannunsa, waɗanda za su iya isarsa ya sauka da ransa da na fasinjojinsa.

Wani zai ce, mu da ba mu da filin jirgi a ƙasar Gumel, ina ruwanmu da wannan? Da ruwanmu. In tsuntsayen jan-baki suka addabi gonaki a jihar nan, da ƙananan jirage ake feshi, kuma ƙasa-ƙasa suke tafiya. Muna tsakanin filayen jirgi uku, na Kano, da na Dutse da aka buɗe a 2014, da na Damagaram, saboda haka sararin samaniyarmu hanya ce. 'Ya'yanmu kuma suna da damar neman gurbi a Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, take kuma horar da matuƙa. Sannan ranar da matuƙi ya rasa inji a samanmu, gonar ɗaya daga cikinmu ce za ta zama filin saukarsa.

Mu fara da abin da kowa ya taɓa gani. Ka tsaya gefen mahauta ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ka ɗaga kai ka kalli shirwa. Za ka ga ta buɗe fukafukai tana tafiya ba ta kaɗa su, ko sau ɗaya, kuma ba ta faɗo ba. Me ke riƙe da ita? Iskar da ke ratsa fukafukanta. Muddin tana tafiya gaba, iska na bi ta sama da ƙasan fiffike, tana tallafe da ita. Jirgi ma haka yake. Aikin inji shi ne ya ja jirgi gaba. Fiffike ne ke ɗaukar nauyi. In inji ya yi shiru, ana bukatar wani abin da zai ci gaba da jan jirgin, kuma akwai shi: nauyin jirgin kansa. Duk ɗan acaɓar da ya taɓa kashe injin babur a kan gangara don ya rage shan mai ya san wannan. Babur na tafiya, gangara ce ke biyan kuɗin tafiyar. Matuƙi yakan ɗan sunkuyar da hancin jirgi, ya ƙirƙira wa kansa gangara a cikin iska, ya riƙa sulalowa a hankali. Tsawon da yake da shi daga ƙasa shi ne jarinsa, da shi yake sayen nisa.

Nawa ne farashin? Mu ɗauki Cessna 172, ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, wanda babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa a duniya. In injinsa ya mutu, duk mita ɗaya da ya sauko yakan ci gaba kimanin mita tara. Wato in yana ƙafa 5,000 sama da ƙasa, kusan mita 1,500 ke nan, zai iya yin tafiyar kilomita 13 ko 14 kafin tayarsa ta taɓa ƙasa, kuma hakan zai ɗauke shi kimanin minti bakwai. Minti bakwai ba zai kai shi Kano daga Gumel ba, ko kusa. Amma ya ishe shi ya natsu, ya zaɓi fili, ya gwada tayar da inji, ya yi kiran neman agaji.

Sai dai wannan ciniki na mita tara a kan mita ɗaya yana da sharaɗi guda, kuma a nan ne zuciyar shirinmu na yau take. Ba ya samuwa sai a wani gudu na musamman. Kowane jirgi yana da nasa, masu ƙera shi sun gwada, sun rubuta a littafinsa. Mu kira shi gudun sulalowa. A Cessna 172 yana wajen kilomita 120 zuwa 125 a awa, gwargwadon samfurin jirgin da nauyin da ya ɗauka. In matuƙi ya wuce wannan gudu, ya sunkuyar da hanci da yawa, iska za ta riƙa turje masa, ya ƙone jarinsa a banza, ya iso ƙasa da wuri. In ya yi ƙasa da shi, nan ma asara ce, jirgin zai riƙa nutsewa fiye da yadda yake ci gaba. Shi ya sa abu na farko da ake cusa wa ɗalibi shi ne: da zarar inji ya yi shiru, kafin ka taɓa rediyo, kafin ka tambayi kanka me ya faru, ka saita hancin jirgi a gudun sulalowa, ka riƙe shi a nan.

A faɗe abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa, faɗa ne da zuciya. Ku sa kanku a kujerar matuƙin. Kana saukowa, ka hango fili mai kyau can gaba, amma kana ganin kamar ba za ka kai ba, ga bishiyoyin gawo sun taso maka. Me hannunka zai so yi? Zai so ya jawo sitiyari baya, ya ɗaga hancin jirgi, don ƙasa ta daina matsowa. Duk ɗan'adam haka jikinsa zai ba shi. To wannan jan shi ne ke kisa. Ɗaga hanci ba tare da inji ba yana cinye gudu, kuma in gudun irin wannan jirgi ya faɗi zuwa wajen kilomita 90 a awa, iskar da ke bin bayan fiffike sai ta wargaje, fiffike ya saki nauyin da yake ɗauke da shi. A nan ne jirgi ke faɗowa da gaske, sau da yawa ma ya karkata gefe guda ya juyo da ka. In hakan ta faru a ƙafa 5,000, akwai sararin gyarawa. In ta faru a tsawon bishiyar kuka biyu, babu. Jirgin da ya shiga gonar gero yana kan tayoyinsa, matuƙi na riƙe da shi, galibi mutanen ciki sukan fito, ko da jirgin ya lalace. Wanda ya kuɓuce ya faɗo da hanci, da wuya a fita. Don haka malaman tuƙi ke nanatawa cewa ba a miƙa sulalowa. Filin da kake da tabbacin isa, ko mara kyau ne, ya fi kyakkyawan filin da kake fata. Bahaushe ya riga ya faɗa, kwaɗayi mabuɗin wahala.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan abin da matuƙin ƙaramin jirgi ke yi in injinsa ya mutu a sama.

Yaya ake koyon wannan? Da maimaici. A makarantun tuƙi, har da ta Zariya, ɗalibi ba ya samun lasisi sai ya nuna ya iya. Ana cikin tafiya lafiya lau, ɗalibi na kallon gabansa, sai malam ya miƙa hannu ya jawo totur baya gaba ɗaya, ƙarar inji ta koma ƙasa, ya ce masa, "Injinka ya mutu. Ina za ka sauka?" Ba a sanar da shi tukuna. Nan take ɗalibi zai saita gudu, ya leƙa hagu da dama, ya nuna fili da yatsa, ya fara kewayo zuwa gare shi, bakinsa na karanto matakan da ya haddace. Sai sun sauko har malam ya gamsu cewa da gaske ne da sun isa filin, sannan a mayar da wuta su tashi. Ana yin haka har sai abin ya zauna a hannu, domin ranar da ta faru da gaske, tsoro yakan kulle tunani, abin da hannu ya saba kaɗai ke fitowa. Matuƙin kirki ma, ko inji na aiki ƙalau, idonsa na ƙasa lokaci zuwa lokaci yana tambayar kansa: in ya mutu yanzu, ina na nufa?

To bari mu kalli ƙasarmu da idon matuƙi. Ta wani fannin Allah Ya yi mana baiwa, domin shimfiɗaɗɗiya ce, babu duwatsu, babu kurmi. Jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, kowannensu inji ɗaya gare shi, kuma a filin wasan dawaki suka sauka, don a lokacin babu filin jirgi. Amma shimfiɗar ƙasa daga sama tana da ruɗi. Sunan jiharmu ma ya faɗi halinta: jigawa, wato rairayi. Tayar gaba in ta nutse a yashi mai laushi, jirgi na iya dungurawa ya kife. Saboda haka matuƙi zai fi son ƙasa mai tauri, feƙo ko saura, kuma in ya taɓa ƙasa zai riƙe hancin jirgi sama iya iyawarsa. Gonakinmu kuma suna da kunya. Wanda ya sauka yana bin tsawon kunya zai gangara. Wanda ya gitta ta, kowace kunya za ta doki tayarsa har ƙafar jirgin ta karye. Ga gawo da kuka da tsamiya a warwatse cikin gonaki. Ga kututturen kara bayan girbi. Da damina kuma fadama takan yi kore shar, ta fi ko'ina kyau daga sama, alhali taɓo ne a ƙarƙashi.

Titi fa? Mutane da yawa za su ce ai ga kwalta nan daga Gumel zuwa Maigatari, me ya fi wannan? Wani lokaci ita ce mafita. Amma kwalta tana tafe da wayoyin lantarki waɗanda ba a ganinsu daga sama sai an zo kansu, ga motoci, ga babura, ga yara. Ranar Alhamis kuwa, da tirelolin shanu ke bin hanyar, saukar jirgi a kanta sayen rai ɗaya ne da rayuka da yawa. Layin dogon da ya ratsa Gagarawa zuwa Nguru yana da amfani wajen gane inda ake, amma ba wurin sauka ba ne.

Sai iska. Ana so jirgi ya sauka yana fuskantar iska, domin hakan na rage gudunsa a kan ƙasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninkawa huɗu yake yi. A nan ilimin matuƙi da na manomi ɗaya ne. Da hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuma daga kudu maso yamma. Matuƙi yakan tabbatar da idonsa: ina hayaƙin ƙona sassabe ya karkata, ina ƙurar garken shanu ta nufa. In hazo ya yi kauri kuwa, komai ya ƙara wuya, domin filin da ba ka gani ba, ba za ka zaɓe shi ba. Wannan na cikin dalilan da ke sa ƙananan jirage zama a ƙasa a irin waɗannan ranaku, kuma daidai ne su zauna.

In gudu ya daidaita, fili ya samu, sai a waiwayi inji. A nan akwai abin da zai ba ku mamaki. Injin jirgi ba kasafai yake fashewa haka kawai ba. Yana da filogi biyu a kowace silinda, da na'urar ba da wuta guda biyu masu zaman kansu, waɗanda ko batir ya mutu suna aiki. Kaso mai yawa na mutuwar inji a ƙananan jirage, maganar mai ce, kuma hannun mutum ne a ciki.

Wani lokaci man ne ya ƙare ƙaf. Matuƙi ya yi lissafin awa uku, iska ta yi masa gaba-da-gaba tafiyar ta zama awa huɗu, ko ya yarda da allurar mai alhali tana ƙarya. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce, ƙaramin jirgi ya tashi da man da zai kai shi inda za shi, da rarar aƙalla minti 30 da rana, minti 45 da dare. Kuma ba a yarda da allura kaɗai. Kafin tashi matuƙi yakan hau kan fiffike, don a cikinsa tankin yake, ya buɗe murfi, ya tsoma sanda mai zane, ya ga inda mai ya jiƙa da idonsa.

Wani lokacin kuma, kuma wannan ya fi ciwo, man yana nan amma bai isa inji ba. Jirage da yawa tanki biyu gare su, hagu da dama, da makunnin zaɓa. Tanki ɗaya ya ƙare, matuƙi ya manta bai juya ba, inji ya mutu alhali ɗayan cike yake. Shi ya sa matakin farko na tayar da inji a sama shi ne a juya zuwa ɗaya tankin, a kunna famfon taimako in akwai.

Sai ruwa. Tankin da ya kwana rabi yakan yi gumi daga ciki, ruwan sama na iya shiga ta murfin da robarsa ta tsufa, man da aka ajiye a duro ma yakan tara ruwa. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka ƙasan tanki yake kwanciya, daidai inda inji ke zuƙa. Akwai wani ɗan kofi mai haske, bai fi kofin shayi ba, da matuƙi ke turawa a ƙarƙashin fiffike ya tatso mai kaɗan, ya ɗaga shi a hasken rana. Fetur ɗin ƙananan jirage shuɗi ake rina shi. In akwai ruwa, za ka gan shi a gindin kofin kamar ƙwayar tsakiya, yana mirginawa, ya ƙi haɗuwa da man. Sai a yi ta tatsa har ya ƙare. Launin ma yana da aiki: in abin da ya fito fari ne, yana warin kananzir, to an zuba man manyan jirage a injin fetur, kuma irin wannan inji na iya tashi lafiya ya lalace bayan an bar ƙasa. Sababbin jiragen koyo samfurin Diamond da ake amfani da su a Zariya, su an ƙera injinsu ne don kananzir ɗin jirgi, saboda haka kowane jirgi da abincinsa. Aikin minti biyu ne wannan tatsa, kuma ina ganin babu minti biyun da ya fi su daraja a duk tafiyar.

Akwai kuma ƙanƙara. Na san wani zai ce, ƙanƙara a Sule Tankarkar? E, a cikin kafireto. Duk makanikin babur ya san in mai na fesuwa a maƙogwaron kafireto wurin yakan yi sanyi. A jirgi sanyin na iya sauka da digiri 20 ko fiye, saboda haka ranar damina mai laima, ko da zafin gari ya kai digiri 25 ko 30, ƙanƙara na iya taruwa ta shaƙe hanyar iska. Akwai maɓallin da ke turo iska mai ɗumi ta narkar da ita, kuma jan sa na cikin matakan farko.

Kada a ɗauka ƙananan jirage kaɗai wannan ke samu. Ranar 23 ga Yuli 1983, wani jirgin Air Canada samfurin Boeing 767, ɗauke da mutum 69, mansa ya ƙare yana ƙafa 41,000 a sama. Dalili? Kuskuren mudu. Ƙasar Kanada na cikin sauya ma'auni a lokacin. Ana bukatar kilo 22,300 na mai, aka yi lissafi da ma'aunin fam, jirgin ya tashi da abin da bai kai rabin bukatarsa ba. Duk injinan biyu suka mutu. Abin da Allah Ya sa ya zama sanadin tsira shi ne, kyaftin ɗin, Robert Pearson, ya saba tuƙa jiragen wasa marasa inji. Ya kintaci gudun sulalowa, ya riƙe shi, ya sauke wannan ƙaton jirgi a wani tsohon filin sojan sama a garin Gimli. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu, na mai jari ne, wanda inji ya mutu masa yana can sama. Mafi munin lokaci shi ne daƙiƙun farko bayan tashi, hanci na sama, gudu kaɗan, ƙasa kusa. Mutanen Kano ba za su manta da ranar 4 ga Mayu 2002 ba, ranar da jirgin kamfanin EAS mai zuwa Legas ya zarce ƙarshen titinsa wajen tashi, injinansa suka shaƙi ƙura, ƙarfinsu ya faɗi, ya afka cikin gidaje a unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Allah Ya jiƙan musulmin da suka riga mu. Jirgin bai samu tsawon da zai sayi ko da minti ɗaya na zaɓi ba. Kuma a lura, zafin bazara irin namu yana sa iska ta yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya bukaci titi mai tsawo kafin ya ɗauka.

Ga ƙaramin jirgi, abin da ake koyarwa a irin wannan hali shi ne: sunkuyar da hanci nan take, ka sauka a abin da ke gabanka, ɗan hagu ko ɗan dama. Zuciya za ta ce ka juya, ga titin jirgi nan a bayanka, lafiyayye. Amma juyawa na cin tsawo mai yawa, kuma jirgin da ya karkata yana sakin iska a gudun da ya fi na mai tafiya miƙe. Matuƙa da yawa sun rasu a wannan juyi. A ranar 15 ga Janairu 2009, jirgin fasinja ya tashi daga birnin New York na Amurka, ya yi karo da garken dinya, injinansa biyu suka mutu bai kai ƙafa 3,000 ba. Masu kula da zirga-zirga suka ba kyaftin Chesley Sullenberger damar komawa fili. Ya auna, ya ga ba shi da tabbas, ya zaɓi kogin Hudson da ke kusa da shi. Cikin kimanin minti uku da rabi komai ya faru, kuma duk mutum 155 suka fita da rai. Ku kwatanta da jirgin Dana na ranar 3 ga Yuni 2012, daga Abuja zuwa Legas. Rahoton masu bincike ya nuna inji ɗaya ya fara ba da matsala tun tafiya ba ta yi nisa ba, amma aka ci gaba maimakon a nemi fili mafi kusa. Dab da Legas na biyun ma ya tafi. Mutum 153 da ke ciki babu wanda ya tsira. A ganina darasin ɗaya ne da na ƙaramin jirgi: inji in ya fara tari, ko mai ya fara ƙasa, a sauka tun ana da zaɓi.

Mu koma kan matakan matuƙin ƙaramin jirgi: bayan gudu, fili da inji, sai rediyo. In hannu ya samu sarari, matuƙi zai ce "Mede" sau uku, kalmar da ta samo asali daga Faransanci mai nufin a taimake ni, ya faɗi ko wane ne, ina yake, mutum nawa ya ɗauka. Akwai zangon gaggawa na duniya, megahertz 121.5, da lamba 7700 da yake sakawa a na'urar da ke nuna shi a allon masu kula da sama. Dab da ƙasa sai ya rufe mai, ya kashe wuta, kowa ya ɗaure bel tam, a ɗan buɗe ƙofa tun a sama, don kada jikin jirgi ya lanƙwashe ta maƙale.

Yanzu magana ta dawo kanmu, mu na ƙasa, kuma ina roƙon ku ba ni kunnuwanku sosai.

In ka ga ƙaramin jirgi na saukowa shiru, babu ƙara, ya nufo fili, to yana cikin matsala. Ka janye yara da dabbobi zuwa gefe, kada ka tsaya a gabansa, kada ka bi shi da babur. Ba shi da damar sake tashi ya kewayo. Sauka ɗaya gare shi.

In ya tsaya, a taimaki mutanen ciki su fito, a matsar da su nesa, ta ɓangaren da iska ke fitowa. Wanda ya ji ciwo a wuya ko baya, in babu wuta ko hayaƙi, kada a fizgo shi, a jira ma'aikatan lafiya. Kada kowa ya taɓa farfela, ko ta tsaya cik, domin in wayar kashe wuta ta tsinke, ɗan juyi kaɗan na iya tayar da inji, kuma farfela ba ta barin hannu. In jirgin feshi ne, ruwan da ke zuba daga cikinsa guba ne, yana shiga ta fata. A nisance shi, a hana dabbobi lasa, kada a bari ya gangara rijiya ko tafki.

Sai mai. Ba sai na tuna wa mutanen Jigawa abin da ya faru a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoba 2024 ba, daren da tankar mai ta kife, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi, muka rasa fiye da mutum 150. Har yanzu akwai gidajen da ba su daina kuka ba. Fetur ɗin jirgi yana kama wuta kamar na mota, tururinsa ma kaɗai ya isa. Babu sigari, babu ashana, babu tayar da babur kusa da shi, babu jarka, babu bokiti.

A kira lamba 112, a sanar da mai unguwa ko dagaci da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Kada a ɗauki komai daga jirgin, ko ƙusa ce. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasa za ta turo jami'anta, kuma wani ɗan bututu ko makunnin mai da yaro zai tsinta ya kai wa mai gwangwan, wataƙila shi ne zai bayyana abin da ya kashe injin, a gyara a sauran jirage. Mai gona kuma ya yi haƙuri da ɓarnar da aka yi masa, ya kai kokensa ta hannun hukuma. Wanda ya sauka a gonarsa baƙo ne da ya zo neman tsira.

Iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu limamai, malaman makaranta, don Allah a isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su saurare mu ba, musamman matasa da yara, domin su ne ke fara isa wurin. Ɗalibanmu na sakandare masu sha'awar tuƙin jirgi kuma, ku riƙe lissafi da kimiyya da Turanci da kyau, da su ake shiga Zariya.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)